Ɗan Majalisar da Ya Ɗanɗana Ruwan Famfo

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, kada wata ta ce da mijinta nake. Sunansa Tanimu. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Shekara ashirin yana shiga rami yana fitowa lafiya, sai mutanen yankinsu suka ce wannan zai iya da majalisa. Suka zaɓe shi.

A majalisar akwai Honarabul Badamasi, shugaban kwamitin sa ido kan ayyukan ruwa. Ku saurara, don ta wajensa za mu kalli labarin. Badamasi mutum ne mai tsari. Ko atishawa zai yi, sai an jira mai hoto. Ya raba shinkafa da hotonsa a jikin buhu, ya raba butoci da hotonsa a jiki, har ta kai a mazaɓarsa mutum ba ya zagayawa bayi sai da rakiyar Honarabul.

Amma abu ɗaya ya hana shi sakat. Duk taron da suka haɗu da Tanimu, suna ko jana'iza, shi sai a ce "ranka ya daɗe" a matsa masa hanya. Tanimu kuwa tsofaffi sai su riƙe hannunsa: "Ɗan albarka, ya yaran?" Badamasi ya kalle shi sama da ƙasa. Hula ta koɗe, takalmi na roba, ko ashana bai taɓa rabawa ba. "Ni fa na ba su shinkafa," yake cewa a ransa. "Shi me ya ba su?" Abin yana cinsa, 'yan'uwa. Yana cinsa.

Ana nan gwamnati ta ba wani ɗan kwangila aikin rijiyar burtsatse a wani ƙauye da mata ke tafiyar awa biyu kafin su kai rafi. Ƙa'ida ita ce kwamiti ya je ya gani da ido, ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Da an sa hannu an rufe maganar ƙauyen, a takarda suna da ruwa. Yadda kwamitin ke ganin kuwa: a zauna a rumfa, a ci kaji, a murɗa famfo, a tafa, a sa hannu. Idon dai ana zuwa da shi, ba a barinsa a gida.

Da kwamiti ya isa ƙauyen, Badamasi ya ce yau ranarsa ce, yau tsofaffi za su riƙe nasa hannun. Ya sha babbar riga, ya yi jawabi, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo shaa. Mata suka rangaɗa guɗa. Sai Tanimu, da yake shi ma ɗan kwamitin ne, ya ce a ba shi moɗa. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar.

"Ranka ya daɗe, wannan ruwan rafi ne."

"Ruwan me?"

"Na rafi. Rijiya bakwai na haƙa a ƙasar nan, ruwan ƙarƙashinta kanwa-kanwa yake. Wannan warin laka yake yi. Da mota aka kawo shi aka cika tankin. A ta da injin mu ga ya jawo."

Ɗan kwangila ya ce ai injin sabo ne, ba a son a wahalar da shi ranar farko.

Kada ku ce Badamasi bai ji warin lakar ba. Ya ji. Amma ya ga idon mata ya bar babbar riga ya koma kan hular da ta koɗe, sai abin nan ya sake cinsa.

"Malam Tanimu," in ji shi, "hassada fa ba kyau. Rana ɗaya Allah ya ba ni, ita ma sai ka shigo?"

Ya fizge moɗar, ya cika, ya shanye. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. "Kai, zuma!"

Tanimu ya ari igiyar guga, ya ɗaura dutse, ya buɗe bakin bututun ya zura. Gaba huɗu igiya ta tsaya. Dutse ya fito a bushe ƙayau.

"A nan sai an yi gaba talatin ake jin danshi," in ji shi. "Ku yi haƙuri, ni ba zan sa hannu ba."

Sauran suka sa, Badamasi kan gaba.

Kwana biyu tanki ya ƙafe. Kwana biyun nan kuwa Honarabul tsakanin ɗaki da bayi ya yi su, shi da hotonsa. Rana ta uku matan ƙauyen suka zo ƙofar gidansa, suka jera jarkoki wayam, suka zauna. Ba zagi, ba ihu. Ga zaɓe ya matso.

Sai aka ce Tanimu na sallama. Badamasi ya ce shi ke nan, ya zo dariya. Ashe takarda ya kawo.

"Ranka ya daɗe, ya jikin? Ga wannan. So ake kwamiti ya janye rahotonsa, a dawo da ɗan kwangila ya haƙa ta gaske. Kai ne shugaba, naka hannun ake ji."

Badamasi ya karanta har ƙasa, ya juya bayanta.

"Ban ga sunanka ba."

"Ba sai da shi ba."

"To kai me za ka samu?"

"Ruwa, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu. Aka dawo da ɗan kwangila, aka haƙa, ruwa ya fito da kanwa-kanwarsa. Badamasi ya kafa allo mai girman ƙofar gareji, sunansa da manyan baƙaƙe. Bayan wata guda ya biyo ta ƙauyen, ya sauke gilashin mota ya tsayar da wata tsohuwa, Goggo Delu, ɗauke da bokiti.

"Goggo, ina aka samo ruwa haka?"

"Famfon Tanimu, ranka ya daɗe. Allah ya saka maka da allon nan, awaki na jin daɗin inuwarsa."

Ya ɗage gilashinsa.

To 'yan'uwa, ga darasin, ba ɓoye-ɓoye. Wanda ya riƙe amanar jama'a don Allah, Allah ke sa sunansa a bakin mutane, kuma mai hassada ba shi da fentin da zai goge shi. Gobe in sun zo neman ƙuri'a, kada ki tambayi me ya raba. Tambaye shi wane aiki ya je ya duba da kansa, wace takarda ya ƙi sa wa hannu. Kuma kafin ki yi wa Badamasi dariya, duba naki cikin. In an yabi maƙwabciyarki kika ji abin yana cin ki, ajiye moɗar, kada ki sha. Allah ya raba mu da hassada, ya ba mu masu tsoronsa.