Fitilar da Gafiya Ta Ɓoye

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ku matso kusa. Ta yau ba ta dariya ba ce.

A wani gari na dabbobi akwai unguwa biyu, Tudu da Gangare. Da can kasuwarsu ɗaya, makabartarsu ɗaya. Sai aka zo zaɓen sarkin kasuwa. 'Yan Tudu suka bi Bunsuru, 'yan Gangare suka bi Rago. Aka yi zaɓe aka gama, amma gaba ta ƙi ƙarewa. Ɗan Tudu ya daina sauka Gangare, ɗan Gangare ya daina hawa Tudu. Gizo kaɗai ke shiga ko'ina, don haka duk labarin da za a ji, daga bakinsa za a ji shi.

Gizo kuwa ya lura da wani abu. In ya kawo labari yadda yake, ƙanzo ake ba shi. In ya ce, "Kun ji abin da mutanen can ke faɗi a kanku?" sai a zuba masa tuwo har da nama. Kun dai san Gizo da nama.

Ana nan rani ya yi tsanani, rijiyar Tudu ta ƙafe. Akwai wata tsohuwar rijiya a kan iyakar unguwannin, ta shekara goma a rufe. 'Yan Tudu suka ce a yashe ta. Masu yasar rijiya a Tudu 'ya'yan Gafiya ne su uku, Nomau da Shekarau da Auta. Ubansu ya rasu ya bar musu igiyoyi da fitila. Ka'idar sana'ar ita ce, ba a shiga tsohuwar rijiya sai an ɗaura fitila a igiya an zura. In ta kai ƙasa tana ci, a shiga. In ta mutu, iskar ciki ta lalace, duk mai numfashin da ya sauka haka zai mutu.

Wani tsoho a Gangare, Kunkuru, ya ji shirin da ake yi. Ya ja jiki ya je ya gwada da tasa fitilar. Sannan ya kira Gizo ya ce, "Don girman Allah ka gaya wa Gafiya kada 'ya'yanta su shiga. Sau uku na zura, sau uku tana mutuwa. Su bar rijiyar a buɗe ta kwana bakwai."

Gizo ya hau Tudu, ya zauna a dandali ya ce, "A kawo tuwo, yau akwai magana. 'Yan Gangare sun ce ba ku isa ku sha ruwan nan ba. Sun ƙirƙiro zancen fitila don ku tsorata ku bar musu rijiya."

Bunsuru ya buga ƙafa ya ce, "Daga yau duk wanda ya zura fitila ɗan Gangare ne!"

Gafiya ta ce, "Ranka ya daɗe, ai fitila ba ta Gangare ba ce. Marigayi mijina ma yana zurawa."

Zakara ya ce, "Ashe shi ma nasu ne? Dama na sha ganinsa yana gaisawa da Kunkuru." Aka kwashe da dariya.

Gari ya waye, aka taru a bakin rijiya da ganguna. Gafiya ta zo da fitilar a ɓoye cikin zaninta. Nomau ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce a hankali, "Inna, a zura?"

Ta dubi jama'a, ta ga duk ita ake kallo. Ta ce, "Sauka, ɗana. Allah ya tsare."

Ya sauka. Igiya ta yi sanyi. Aka kira, "Nomau! Nomau!" Shiru.

Gizo ya ce, "Ruwa ya tarar, yana sha. Mai baki cike ai ba ya amsawa." Mata suka rangaɗa guɗa.

Kaka, ba wanda ya leƙa?

Sun leƙa, Tasalla. Duhu suka gani, Gizo kuma ya riga ya gaya musu abin da ke cikin duhun.

Shekarau ya ɗaura igiya ya bi yayansa. Igiya ta yi sanyi. Aka kira, shiru.

Gizo ya dafe kai ya ce, "Na gane! 'Yan Gangare sun haƙo rami ta ƙarƙashi, suna can sun riƙe su!"

Daga nesa Kunkuru yana ta ihu, "Fitila! Ku zura fitila!" Aka bi shi da jifa.

Auta ya ɗauki igiya. Nan Gafiya ta fiddo fitilar, ta riƙe masa hannu ta ce, "Auta, tsaya. Bari in zura, ko sau ɗaya."

Jama'a suka ɗauka, "'Yar Gangare! Munafuka!"

Auta ya fizge hannunsa ya ce, "Inna, mayar da abin nan, kina ba mu kunya. Ana riƙe da yayyena a ƙasa, ke kina maimaita zancen maƙiya?" Ya sauka. Igiya ta yi sanyi. Wannan karon ba wanda ya iya kiran suna.

Gafiya ta kunna fitila, ta ɗaura ta a igiyar guga, ta zura. Kowa ya zuba ido. Ko rabi ba ta kai ba wutar ta ƙanƙance, ta mutu. Kowa ya gani, har Bunsuru.

Za ku ce nan suka gane. Bunsuru cewa ya yi, "Wa ya hure ta?"

Gizo ya ce, "Kunkuru ne ya yi tofi daga can, da idona na gan shi."

Suka karɓa da sauri, don in ba su karɓa ba dole su dubi idon Gafiya. Suka gangara suka ƙone bukkar Kunkuru. Ranar Gizo sau biyu ya ci nama, a Tudu wajen makoki, a Gangare wajen ba da labarin muguntar 'yan Tudu. Aka bar Gafiya ita kaɗai a bakin rijiya da igiya uku.

Kaka, sai aka kama Gizo?

Ba a kama shi ba, Ɗanjuma angona. Yana nan da ransa. Shi ne ya shigo wayar babanku Sallau, ya ce 'yan ɗaya jam'iyyar sun kashe mutanenmu a kasuwa. Ina da lambar Asabe mai daddawa, 'yar waccan jam'iyyar ce, rumfarta na tsakiyar kasuwar. Da na kira ta sau ɗaya, da na ji ba abin da ya faru. Na ji kunyar a ce ina magana da mutanen can. Babanku ya bi samari suka fita. Kasuwa lafiya lau take ci, sai da suka isa da sanduna sannan faɗa ya tashi. A tabarma aka dawo mini da shi.

Don haka duk wanda ya kawo muku labari mai tafasa jini, ku tambaye shi ko ya gani da idonsa, ku duba kuma me yake ci a ciki. Ku tambayi har wanda ba naku ba. Ban ce za a saurare ku ba, zagin ku za a yi. Ku sha zagin, ku zura fitilar tun kafin na fari ya sauka. Ni sai da aka gama na zura tawa.

Ƙungurus kan kusu. Yau ko don Gizo ban yi muku ƙarya ba.