Taɓon Tafkin Bayan Unguwa

Ku matso ku ji, wanda ba zai yanke hukunci ba ya tashi tun yanzu.

Alhaji Maikano ya ajiye aiki, ya sayi kwalekwale, ya mai da kamun kifi abin hutawarsa. Duk Asabar yana tafkin bayan sabuwar unguwa da fatsarsa, ruwan da ko cibiya bai kai ba. Ran nan ƙugiyarsa ta maƙale a ciyawa kusa da gaɓa. Ya ce wa surukinsa Nasiru, mijin 'yarsa, mai tuƙa shi: "Wannan ɗan ruwan? Ko akuya ta haye." Ya dira.

Ashe ƙasan taɓo ne. Ya shanye shi har ƙugu, ruwa ya kawo haɓa. Alhaji ya ruɗe, yana shure-shure, yana ƙara nutsewa, ya cafki kwalekwalen zai kifar da shi.

"Baba, ka tsaya cak! Baba!"

Ina! Sai Nasiru, wanda ko ido ba ya haɗawa da shi, ya ɗauke shi da mari. Alhaji ya sandare, baki buɗe. Nutsewa ta tsaya.

To, babu igiya. Uwale mai suyar kifi a bakin tafkin, dattijuwar da ba a taɓa ganin ko gashinta ba, ta fizge mayafi, ta kwance zani a gaban maza, ta ƙulla su, ta wurga. "Kallon me kuke yi, 'yan banza? Kama, Alhaji!"

Saura mai ja, 'yan kallo kuwa duk sun ja da baya. Sai Tanimu maƙwabcin Alhaji, da suka yi rigimar katanga har ya rantse da Allah hannunsa ba zai ƙara taɓa na Maikano ba. Shi ya kafa ƙafa ya ja, zanin ya fara yagewa, ya miƙa hannu ya damƙi na Alhaji, ya finciko shi.

Alhaji na zaune cikin laka, kunci na zafi, ya rasa wanda zai iya kallo a cikinsu. Da ma ya biya kujerar Makka guda da niyyar kyauta, ya ce ta wanda ya cece shi ce.

Ɗaya ya mari suruki, ɗaya ta tuɓe a bainar jama'a, ɗaya ya karya rantsuwa. To, ku faɗa mini, kada a yi min kwana-kwana: wa zai hau jirgi?