Masu Ɗaga Hagu a Ajin Boakye

Akwai wata malamar kwalejin horon malamai a ƙasar Asante, Madam Adwubi, mai alfaharin cewa ɗalibinta ba ya jin kunya a gaban allo.

Wata rana ta je wani ƙauyen manoman koko duba ɗalibinta Boakye, wanda ke gwajin koyarwa. Makin da za ta ba shi ne zai sa ya zama malami ko ya maimaita shekara.

Boakye ya yi tambaya, ajin gaba ɗaya ya ɗaga hannu. Ya sake wata, haka nan. Har ta fara murmushi, sai ta lura da wani abu. Fiye da rabin yaran hagu suke ɗagawa. A ƙasar da yaro in ya nuna wa babba hagu sai ya sha ranƙwashi? Kuma Boakye bai kira mai hagu ko ɗaya ba.

Ta matsa kusa da wata yarinya.

"'Yata, hannun damanki ciwo yake?"

"A'a, Madam. Ticha ya ce wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Don Allah kar ki gaya wa kakata."

Aji ya fashe da dariya. Madam Adwubi ta ja Boakye waje.

"Kai, ɗan nema! Ni za ka yi wa wasan kwaikwayo?"

"Madam, ki yi haƙuri. Shekara uku a kwaleji abokaina nake koyarwa, suna kwaikwayon yara, kuma duk sun san amsa. Ban taɓa tsayawa gaban wanda bai gane ba sai a nan. In na maimaita bai gane ba, me zan yi?"

Nan take ta tuna. Ita ce ta shirya wancan kwaikwayon.

Ta hana shi maki ranar, amma ba ta kayar da shi ba. Ta riƙa dawowa tana zama a bayan aji har Boakye ya koya. Ranar da ya kira yarinyar nan, ta miƙe ta ce, "Ticha, ban gane ba," ya sake bayani ta wata hanya, ranar Madam Adwubi ta sa hannu a takardar makinsa.

Darasi: Malamin da ba a nuna masa yaron da bai gane ba, ba a horar da shi ba. Kwalejoji, laifinku ne, ku gyara! Ku tura wannan har ya isa gare su.