Gizo da Gargaren Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Giwa ce ta noma gyaɗa, ta cika wani ƙaton buhu, sai gara ta fara yi mata ɓarna. Ta ce a rataye mata shi a kan kukar da ke ƙofar bukkar Gizo. Ɓauna ya gwada ya kasa, Raƙumi ma haka.

Gizo kuwa, kun san shi da ɗan banzan baki. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni kaɗai zan ɗaga shi."

Giwa ta ce, "In ka ɗaga, rabi naka ne. In ka kasa kafin faɗuwar rana, zan zauna a kan bukkarka."

Da ma ya taɓa leƙen Kunkuru masassaƙi yana ɗaga damin gero da gargare, wato wata 'yar ƙafar itace mai kwari a gefenta inda igiya ke bi. Ya ruga gidan Kunkuru ya roƙi aron gargaren.

Kunkuru ya ce, "Ka rataye shi a reshe, ka zarga igiya. Ka ja ƙasa, kaya su yi sama. Amma..."

"Na gane!" Gizo ya fizge gargaren ya fita.

Ya ja, ya ja, buhu ko motsi. Sai ga shi yana lilo a jikin igiya, ƙafafu na wutsil-wutsil. Ya koma wurin Kunkuru.

Kunkuru ya ce, "Guda ɗaya hanyar ja kawai yake juya maka, ba ya rage nauyi. Ka ɗaura na biyu a jikin buhun, igiya biyu su raba nauyin. Sai dai..."

"Na gane!"

Ya zarga igiya ta sauko ta koma sama, sai ta ƙare can kusa da reshe. Ya yi tsalle har ya gaji, bai kamo bakinta ba. Giwa ta dubi rana, ta fara auna bukkar da ido. Nan fa Gizo ya sake komawa wurin Kunkuru.

Kunkuru ya ce, "Duk gargaren da ka ƙara a jikin kaya, nauyi zai ragu, amma igiya sai ta ƙara tsawo, jan ma sai ya daɗe. Ga guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ga doguwar igiya. In buhun ya kai sama kuma..."

"Malam, na gane mana."

Wannan karon buhu ya taso. Gizo ya yi ta ja, igiya ta taru tuli a bayansa, buhun na hawa kaɗan-kaɗan, har ya haye saman bukkar ya taɓo reshe. Dabbobi suka saki baki.

Daɗi ya kama Gizo. Maimakon ya ɗaure igiyar a gindin kuka, abin da Kunkuru ya so gaya masa ke nan, sai ya sake ta don ya bugi ƙirji. Gargare suka yi ƙurrr, buhu ya rikito tim a kan bukkarsa, ta kwanta shamɓar.

Giwa ta jinjina kai ta ce, "Sannu Gizo, ka hutar da ni zama."

Ni ko tausayinsa ban ji ba. Don haka, in ana koya muku abu, ku kama bakinku har mai magana ya kai ƙarshe, domin sau da yawa abin da zai cece ku yana can a ƙarshen.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta tsaya nan.