Tabarma a Kan Ramin Guba

Ku kasa kunne da kyau, don in na gama ku ne alƙalai.

A bakin rafin Marke akwai wani majemi, Alhaji Sallau, wanda fatunsa ke tafiya Turai ana ɗinka jakunkuna da su. Mutum ɗari uku ke ci daga majemarsa. Da bagaruwa kakanninsa suka yi jima, har ranar da masu sayen fata suka ce bagaruwa tana da nawa, suka aiko masa da gangunan sinadari mai gama aiki cikin kwana biyu. Bayan shekara ashirin rafi ya koma shuɗi, kifi ya ƙare, lambunan da ke gangare suka bushe.

Sai ga takarda daga masu sayen nan dai. Ƙasarsu ta hana sayen kayan duk wanda ke ɓata ruwa. Nan da wata shida za su turo mai bincike, in ba ta gamsu ba ciniki ya mutu. Injin tace ruwan da suka ambata kuwa ya fi majemar kanta tsada.

"Su suka kawo mana gubar, yanzu kuma su ke toshe hanci," in ji Alhaji. Ya tara 'ya'yansa uku, ya ce wanda ya ceci majema shi zai gaji kujerarsa.

Mamuda, babbansu, ya ce ba a sayen inji, bagaruwa za a koma. Ya nemo tsofaffi biyu da suka rage cikin masu jima da bagaruwa, ya durƙusa gabansu ya koya. Fata saba'in ta lalace a hannunsa, ma'aikata na yi masa dariya, bai fasa ba. A wata na biyar ruwan da ke fita daga majema ya daina kashe ko kwaɗo.

Amma bagaruwa ba ta sauri. Aiki ya ragu, rabin ma'aikata za su tafi, masu lambu kuma sun rantse za su tare hanya ranar da baƙuwa mai binciken za ta zo. Ladidi, mai bi wa Mamuda, ta ɗauki goro ta bi su gida-gida. Wani ya watsa mata ruwan rafin a ƙafa, ya ce, "Kai wa ubanki ya sha." Washegari ta koma. Ta yi ta komawa har aka zauna. Ma'aikatan da za a sallama suka koma dasa bagaruwa a gaɓar rafi, matan masu lambu suka zama masu tsinto 'ya'yanta suna sayar wa majema. Ba a kori kowa ba, ba a tare hanya ba.

Saura tsohon ramin da aka shekara ashirin ana zuba dagwalon sinadari. Alhaji ya sa aka rufe shi da yashi, aka kafa rumfa, aka shimfiɗa tabarmi. A nan aka zaunar da baƙuwa, aka kawo mata fura, don ba a nuna wa baƙo juji. Tana cikin sha, Tanimu, autansu, ya roƙe ta ta ɗan tashi.

"Kai, Tanimu! A gaban baƙuwa?" in ji Alhaji.

"Baba, ka gafarce ni. Rijiyoyin gangare daga nan suke sha."

Ya naɗe tabarma, ya sa shebur, har baƙin laka ya fito da wata ruɓaɓɓiyar ganga. Ya nuna mata rubutun jikinta, ya ce, "Dattin namu ne, amma wannan harshenku ne."

Ashe tun kafin ta iso majema ta auna ruwan rijiyoyin, sakamakon yana cikin jakarta. Da an ɓoye ramin, da ta soke cinikin duk da tsabtar rafi. Ta rubuta abin da ta gani, har da gangar, masu saye suka yarda a kwashe ramin tare da su.

Majema ta tsira. Da Mamuda bai koma bagaruwa ba, da rafi na nan shuɗi. Da Ladidi ta yi fushi da ruwan da aka watsa mata, da baƙuwa ba ta wuce hanya ba. Da Tanimu ya bar tabarma a inda take, da aikin yayyensa ya tashi a banza. Alhaji kuwa, har yau in Tanimu ya gaishe shi, ƙasa yake kallo kafin ya amsa.

Kujera ɗaya ce. To, wa za a ba: wanda ya wanke rafi, ko wadda ta haɗiye zagi, ko wanda ya kunyata ubansa a gaban baƙuwa?