Tsagar da ke Ƙarƙashin Amawali

A zamanin da, tun ana sayen doki da wuri, an yi wani sarki mai suna Ranau a wata ƙasa ta bakin dutse. Shi da yawancin talakawansa addinin kakanni suke bi, suna yanka a gindin tsamiya. A gabashin birnin kuwa akwai unguwar Musulmi, fatake da marina da malamai, waɗanda suka zauna nan bisa amanar kakan sarki. Waziri Sha'aibu ma ɗan unguwar ne. Tare suka tashi da Ranau, akushi ɗaya suke ci tun suna yara, kuma ko da Ranau ya hau gado bai yarda an raba musu tuwo ba. Saboda Waziri ne ma sai Musulmi ke yanka naman gidan sarki. A ƙasar nan, wanda kuka haɗa hannu a akushi ya fi ɗan'uwa.

Ana nan sai wasu tsageru suka ɓullo daga cikin duwatsu, sun rufe fuska da amawali, wai su ne masu gyara addini. Ranar kasuwa suka auka wa birnin, kabbara a baki, takobi a hannu, ba su tambayi kowa abin da yake bauta wa ba. Cikin waɗanda suka kashe har da Ukashatu, ɗan Waziri na fari, wanda ya tare ƙofar rumfa don mata su tsere. Barde Jatau, shugaban mayaƙa, ya bi su ya kamo madugunsu, ya jefa shi kurkuku da fuska a rufe, ya hana kowa ganinsa.

Ƙasar kabari ba ta bushe ba Sarki ya sa aka yi shela: duk Musulmi ya bar birnin kafin tsayuwar wata, ya bar gida da karofin rini. Kai jama'a, mutanen da ke zaman makoki aka ce su ɗaure kaya!

Da fada ta cika, Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a sake duba dokar. Barde ya yi caraf ya ce ai babu abin dubawa: gabas ɗaya suke fuskanta da maharan, kabbara ɗaya suke yi, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Waziri ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ya kuma tuna wa fada cewa sababbin kaburbura sun fi yawa a maƙabartar gabas. Barde ya ce wannan rigimar cikin gida ce, su je can su ƙarata. Sarki ya ga idon amininsa ya yi ja, sai ya sassauta murya, a zatonsa alheri zai yi.

"Waziri, kwantar da hankalinka. Ban da kai. Kai namu ne."

Wallahi da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, uwar Ukashatu fa? Ita ta wane ne?"

Daga fada Waziri ya zarce kurkuku, ya ce wa Yari, mai tsaron gidan, ba abin da yake so sai ya ga fuskar wanda ya kashe masa ɗa. Yari ma uba ne, ya kasa hana shi. Waziri ya shiga, ya ja amawalin, ya duba, ya mayar da shi yadda yake, ya fito ya nufi gida.

Kashegari ya koma fada, ya ce ya sallama, za su tafi. Abu ɗaya kawai yake roƙo: Sarki ya faɗi hujjar dokar da bakinsa, don na baya su san ta. Shin duk wanda ke ɗauke da alama ɗaya da makashi, jinin yana wuyansa? Sarki ya ce haka ne, ya maimaita a gaban fadawa. Sai Waziri ya roƙi a kawo madugun a buɗe shi. Barde ya fara kame-kame, wai ganin fuskar mugu ba alheri ba ne, amma Sarki ya ɗaga hannu, dogarai suka shigo da shi.

Da aka ja amawalin, sai ga fuskar a fili. Tsaga ce doguwa daga gefen baki zuwa kunne, da bille a kumatun hagu, irin wadda ba a yi wa kowa sai jinin sarauta. Ita ce a fuskar Sarki. Mayau ne, ɗan ƙanen Sarki, wanda aka hana sarauta ya yi fushi ya shige dutse, ya sake suna.

Waziri ya ce, "Salla da girmansa ya koye ta, a dutse, ba a unguwarmu ba. Tsagar nan kuwa a gidanka aka yi masa ita, yana cikin tsumma. In kama ce ke korar mutum, ranka ya daɗe, wa zai riga wani fita?"

Sarki ya ce shi bai aiki Mayau ba, bai ma san yana raye ba. Waziri ya ce su ma abin da suke faɗi ke nan tun jiya.

Nan take aka soke dokar. Barde ya amsa cewa ya ga fuskar tun a daji, tsoro ya sa ya gwammace a kori unguwa guda da ya gaya wa Sarki gaskiya, aka tuɓe shi. Mayau aka yi masa hukuncin abin da hannunsa ya aikata, shi kaɗai. Sarki ya taka da ƙafa har unguwar gabas, ya durƙusa ya yi wa uwar Ukashatu ta'aziyya. Marina suka koma karofi, kasuwa ta ci gaba da ci.

Waziri ya yafe, ya ci gaba da riƙon muƙaminsa da gaskiya har tsufa. Amma ranar da aka fara kawo musu tuwo bayan wannan, Sarki ya wanke hannu ya tura masa akushi, sai Waziri ya dubi mai kawo abinci, ya ce a hankali, "Kawo mini nawa daban."

Sarki Ranau ya yi shekaru masu yawa a kan gado, bai sake cin tuwo da kowa ba.