Ranar da Sarkin Ruwa Ya Cire Rigar Ruwa

Akwai wani bawan Allah a unguwar Cheetham Hill ta Manchester mai suna Bartholomew, mutumin Numan, yana aikin lodi a ɗaya daga cikin manyan rumbunan kaya na unguwar. Mutumin kirki ne, wannan ba na musu. In za ka tashi daga gida, shi zai fara zuwa ya ɗauki firij a kafaɗa. Matsalarsa guda ce: ba ya iya zama da mutane bai kawo zancen kogin Binuwai ba.

A cikin kwale-kwale aka yaye shi, in ji shi. Mahaifinsa masunci ne, a tsaye yake tuƙi, a tsaye yake jefa raga. Shi ma tun yana ɗan ƙarami yake ratsa kogi da iyo lokacin da ruwa ya cika. Kuma gaskiya ne, ba ƙarya yake yi ba. Shi ya sa a zumuntar maza ta cocinsu suka laƙaba masa Sarkin Ruwa, yana amsawa har da ɗaga hannu.

Yana da amini a Birmingham, Gimba, mutumin Zuru, direban bas da ke zaune a Lozells. Tun suna samari a Kaduna suke tare. Gimba irin mutanen nan ne da ko bakin canal, ɗan mashigin ruwan nan na cikin gari, suke tafiya sai sun matsa jikin bango. Bai iya iyo ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Da sanyi ya fara ja da baya a watan Afrilu, rana ta fito fes, sai Bartholomew ya matsa wa Gimba lamba a waya.

"Wannan weekend ɗin zan zo. Akwai wani dam a wajen gari da ake hayar boat a yi fatsa. Zan koya maka abin da kakanninka ba su sani ba."

"Kakannina sun mutu a kan gadonsu, kuma sun tsufa," in ji Gimba.

Amma ka san amini. Ya yi ta naci har Gimba ya ce to.

Ranar Asabar Bartholomew ya hawo jirgin ƙasa daga Manchester, da sandunan fatsa a kafaɗa da wata jar kula a hannu. Matar Gimba, Justina, ita ta buɗe masa ƙofa, ɗiyarsu Delight na goye a bayanta. Bayan gaisuwa ta dubi kular, ta kira shi da sunan 'yarsa.

"Baban Zoe, me ke ciki?"

"Zoɓo ne da suya, Maman Delight."

"Ka san mijina bai iya ruwa ba. Ni ban so tafiyar nan ba. Amma tunda kai ne, na ba ka amanarsa. Ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi."

Bartholomew ya doki ƙirji. "In ya faɗa ruwa, kafin ya jiƙe na tsamo shi. Ni fa aka ba amana, ba wani ba."

Zoɓon yana ciki, bai yi ƙarya ba. Gwangwanayen giyar ne bai ambata ba, su suna ƙasa, an lulluɓe su da ƙanƙara.

A bakin dam ɗin, matar da ke ba da hayar kwale-kwale ta miƙa wa kowannensu rigar ruwa, irin wadda ke hana mutum nutsewa, mai ɗan usur a ɗaure a kafaɗa. Ta yi musu bayani: kada a cire rigar, kada a miƙe tsaye, kada a sha giya. Ta ce rana ce kawai ta fito, amma ruwan har yanzu na hunturu ne.

Gimba ya saurara kamar ranar da ya je gwajin tuƙi. Ya ja igiyoyin rigar ya ɗaure tamau, har ya ce matar ta duba masa. Bartholomew kuwa murmushi yake ta yi, irin na wanda ake koya wa karatun da ya haddace.

Suna yin nisa da gaɓa, ya kwance rigarsa ya ninke ta ya zauna a kai.

"Mai da ita mana," in ji Gimba.

"Life jacket? Ni? Wannan ai ta irinku ce. Dubi yadda ka koma kamar buhun gawayi, har da usur kamar alƙalin wasa."

Ya buɗe kula, ya tura wa Gimba gorar zoɓo, ya zaro wa kansa gwangwani. Gimba ya dube shi, ya dubi gwangwanin.

"Ba ka ji abin da matar nan ta ce ba?"

"Ta taɓa ganin Binuwai? Wannan ruwan da ko motsi ba ya yi? Mu a gida a irinsa muke wanke akuya."

Gimba ya gyara zama. Ya riƙe gefen kwale-kwalen da hannu ɗaya, ya riƙe fatsarsa da ɗayan.

Wurin ya yi daɗi, a faɗi gaskiya. Ruwa shiru, agwagi na wucewa, sauran masu kamun kifi sun yi nisa can gefe. Bartholomew ya kama kifi biyu, Gimba bai kama ko ciyawa ba. Da gwangwani na farko Bartholomew ya ba da labarin kadan da mahaifinsa ya kora da filafilin tuƙi. Da na uku kadan ya zama biyu. Daga nan ya fara rera waƙar masunta da yarensu, yana buga gefen kwale-kwalen.

Can sai fatsar Gimba ta lanƙwashe. Kifi ne babba, yana ja da ƙarfi.

"Barth! Barth, ya kama!"

"Kada ka sake shi! Ba a zaune ake wannan aikin ba. Bari ka ga yadda 'yan kogi ke yi."

Ya miƙe tsaye.

A nan ne ya yi kuskuren da ɗan kogi kaɗai zai yi. Ƙafafunsa sun saba da kwale-kwalen gida, na itace mai nauyi, wanda ke zama daram a ruwa. Wannan kuwa na roba ne, mara nauyi, ɗan motsi kaɗan yake jira. Da idonsa biyu, da ya ji bambancin tun a tafin ƙafa ya koma ya zauna. Amma giya ta riga ta shiga tsakaninsa da ƙafafunsa. Ya miƙa hannu zai karɓi fatsar, kwale-kwalen ya karkace, ya yi baya ya faɗa tsundum.

Gimba ya ɗauka zai ga abokinsa ya taso yana dariya. Ya taso, amma ba dariya. Idanunsa sun firfito, bakinsa a buɗe, yana jan numfashi da ƙarfi ba ya iya tsayar da shi. Sanyin ruwan ya doki ƙirjinsa, ya shaƙi ruwa tun a faɗawar farko. Mutumin da ya ratsa Binuwai ya kasa yin taku biyu zuwa jikin kwale-kwale. Takalmansa da rigar sanyinsa sun sha ruwa suna jan sa ƙasa.

"Gim... Gimba..."

Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Gimba ya jefar da fatsa ya miƙa masa filafili. Bartholomew ya kai hannu, yatsunsa suka ƙi rufewa. Ya sake kaiwa, suka zame. Kansa ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa.

Tsoro ya kama Gimba, tsoro na gaske. Ya tuna Justina da Delight. Ya kuma tuna Celestina, matar Bartholomew, da 'yarsu Zoe a Manchester, waɗanda ke jiran kifi. Sai ya kwanta a gefen kwale-kwalen ya zura hannu cikin ruwa ya damƙi wuyan rigar abokinsa.

Bartholomew ƙato ne, kuma wanda ruwa ke ci ba ya sanin wa yake ja. Ya cafke hannun Gimba ya fizgo shi. Gimba ya faɗa ruwa da ka.

Sanyin ya doke shi kamar yadda ya doki abokinsa. Amma rigar nan da aka yi wa dariya ta cillo shi sama, ta ɗaga masa haɓa. Bai san yadda ake iyo ba, bai ma gwada ba. Abu biyu kawai ya yi. Ya naɗe hannunsa a wuyan rigar Bartholomew ya ƙi saki, ya lalubo usur da baki ya yi ta busawa.

Ya busa har leɓɓansa suka daina ji. Bartholomew ya yi laushi, kansa na kan kafaɗar Gimba. Gimba na busawa yana cewa a ransa, Ubangiji, hannun nan kada ya buɗe.

Wasu masu fatsa suka ji, suka yi ihu, jirgin ceto mai inji ya taso daga gaɓa. Da aka jawo su ciki, sai da aka ɓamɓare yatsun Gimba ɗaya bayan ɗaya daga rigar abokinsa. Jar kular na nan cikin kwale-kwalen, a buɗe, kowa ya ga abin da ke ciki. Rigar ruwan Bartholomew ma na nan a ninke inda ya bar ta, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

A asibiti gadajensu na kusa da juna. Justina ta shigo da gudu, ɗankwalinta a hannu. Ta rungume mijinta ta yi kuka mai isarta. Sannan ta juyo ta dubi Bartholomew. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Baban Zoe, zoɓo ne da suya, ko?"

"Maman Delight, ki yi haƙuri..."

"Amana na ba ka. Da ka ce mini kai ne mai bukatar a riƙe, da shi na ba amanarka."

Ta juya wajen mijinta. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Bartholomew ya warware da wuri. Gimba ne ruwan ya taɓa wa huhu, ya yi makonni yana tari bai hau bas ba.

Labari ya kai Numan, don Celestina ba ta rufa masa asiri ba, kuma ta kyauta. Mahaifin Bartholomew ya sa a kira masa ɗansa a bidiyo. Yana zaune a kan tabarma, raga a cinyarsa yana ɗinki.

"An ce ka faɗa ruwan Turawa."

"Baba, ruwan ne da sanyi. Ba irin namu ba ne."

"Na ji. An ce kana faɗa wa mutane a tsaye ubanka ke tuƙi."

"Haka ne, Baba."

"To da ka ga ina tsayawa, ka taɓa ganin na shiga jirgi da burkutu a cikina? Ni ma ina sha, ba na ɓoyewa. Amma sai mun jawo jirgi kan yashi, an ga kowa ya dawo, sannan a ɗauko ƙwarya. Duk masuncin da ka ga ya yi furfura, haka ya yi. Waɗanda suka yi naka, mun sha tsamo gawarsu a ƙasan gari. Ka ɗauki tsayuwata ka tafi da ita Ingila, ka bar dokar a gida."

Bartholomew ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, hawaye na zuba, ƙato da shi.

"Yaron nan na Zuru," tsohon ya ce, "ka gaishe mini da shi. Ka ce masa ya fi ka sanin ruwa, tunda shi yana tsoronsa."

Duk tsawon jinyar Gimba, kowace Asabar Bartholomew na hanyar Birmingham. Ya biya Stratford Road ya yi cefane, ya kawo Lozells ya ajiye, ya kwashe shara, ya zauna wajen abokinsa. Justina takan amsa gaisuwarsa a taƙaice ta shige. Bai yi fushi ba, bai kuma fasa zuwa ba. Sai ranar da Gimba ya koma aiki ta ajiye masa tuwo da miyar kuka a gabansa ta ce, "Ci, Baban Zoe, kafin ya huce." Ya wanke hannu ya ci.

Har yanzu suna zuwa fatsa, don Gimba ya ce kifin nan da ya tsere masa bai yafe ba. Bartholomew ne ke fara ɗaure rigar ruwa, ya ce Gimba ya duba masa igiyoyin. Jar kular ma tana zuwa, kuma Justina ba ta buɗe ta, don ta san zoɓo ne da suya.

Kwanan baya wani sabon zuwa a cocin Cheetham Hill ya ji labarin laƙabin nan, ya zo ya tambaye shi, "Yallaɓai, kai ne ake ce wa Sarkin Ruwa?"

Bartholomew ya girgiza kai. "Ba ni ba ne. Yana Lozells, yana tuƙa bas."

Darasi: Giya da ruwa ba sa haɗa hanya, komai gwanintarka, kuma ruwan ƙasar nan ba ruwan gida ba ne ko da rana ta fito. In ka shiga kwale-kwale ka ɗaure rigarka, ka zauna, ka bar kwalba a tudu. Kada ka yi wa mai taka-tsantsan dariya, wataƙila hannunsa ne zai riƙe ka. In kuma aka ba ka amanar ran wani, ka fara da riƙe kanka. Ku tura wannan ga duk wani gwanin ruwa da kuka sani kafin Asabar mai zuwa.